Dajin da Ya Koma Dutse a Bayan Kurru: Yadda Ake Zuwa da Yadda Ake Yawo a Cikinsa

Wanda ya tashi a Gadarif ko Maiurno ko ƙauyukan bakin kogin Nil Azrak, in aka ce masa daji, abin da zai faɗo masa a rai shi ne aduwa da magarya da bagaruwa, da inuwar da za a sauke kaya a sha iska. To gara in faɗa maka tun yanzu, kada ka je ka ce an yaudare ka: a wannan dajin babu bishiya ko ɗaya a tsaye. Babu ganye, babu inuwa. Fili ne fetal na yashi da tsakuwa a bayan ƙauyen Kurru, kusa da Karima a Jihar Arewa ta Sudan, kuma bishiyoyin duk a kwance suke, sun rikiɗe sun zama dutse. Mutanen wurin suna kiransa algaba almutahajjira, wato dajin da ya koma dutse. Wanda ya tsaya daga cikin mota ya leƙa ta taga zai ce baƙaƙen duwatsu ne kawai aka watsar. Sai ka sauka, ka tsuguna, ka shafa da hannu, sannan za ka ga ɓawo da jijiya da gurbin reshe, komai yana nan yadda yake ranar da bishiyar ta faɗi. Wannan tafiya ta mai haƙurin kallo ce. Duk shirin da zan zayyana a ƙasa, manufarsa ka samu awa biyu ko uku na sanyin safiya kana tsugunne a gaban waɗannan gungume ba tare da ƙishirwa ko fargaba ta kore ka ba.

Kafin komai, tambayi labarin hanya

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, tafiya a ƙasar nan ta daina zama abin da ake yanke shawararsa da daddare a tashi da asuba. Jihar Arewa ta fi wurare da yawa kwanciyar hankali, amma filin jirgin Marawi yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, kuma a 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hare-hare a yankin madatsar ruwa ta Marawi. Saboda haka matakin farko ba na jaka ba ne, na waya ne. Ka nemi wanda yake zaune a Karima ko Marawi a wannan makon, ko direban da ya dawo jiya, ka ji ta bakinsa. Labarin watan jiya ba labari ba ne. In an ce a dakata, ka dakata. Itacen da ya yi miliyoyin shekaru a kwance ba zai tashi ya gudu kafin baɗi ba.

Takardu kuwa, mu Hausawa mun fi kowa sanin darajarsu. A shingen bincike, wanda ake kira irtikaz, Hausar da aka ji kuna yi a bayan mota kaɗai tana iya jawo tambayoyi, ko da kakanninka sun sauka ƙasar nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Ka riƙe rakam watani ɗinka, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, na asali a aljihun gaba, da kwafi a jaka. Wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar, fasfo da biza da takardar izinin zirga-zirga su zama a hannu, ba a ƙasan akwati ba. In aka tambaye ka ina za ka, ka ce Kurru da dutsen Barkal, ziyarar kayan tarihi. Amsa ce da kowa ya saba ji a can.

Sai ka kiyaye abu uku. Kada ka ɗaga waya wajen gada, ko madatsa, ko filin jirgi, ko wurin sojoji. Kada ka ɗauko ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Kada kuma a ga na'urar neman ƙarfe a motarku, domin arewa cike take da masu haƙar zinari, dahaba, kuma wanda aka gani da ita kusa da kaburburan sarakuna sai ya yi dogon bayani.

Wata da sa'a

Karima tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Sudan, ruwan sama kuma sai a shekara ba a ga na kirki ba. Daga Mayu zuwa Satumba zafin rana kan haura digiri 40 kusan kullum, kuma baƙin dutse yana riƙe zafi har ya gagari tafin hannu. Kada ka gwada. Lokacin zuwa daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa Fabrairu. A Disamba da Janairu rana tana da sauƙi, dare da asuba kuwa akwai ɗari na gaske, ga iskar arewa mai shiga ƙashi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris nimitti kan taso a bakin kogi, ƙananan ƙwarin nan masu shiga ido da hanci, ko da yake in ka nausa cikin hamada suna raguwa.

A hunturu rana tana fitowa ƙarfe 6 da 'yan mintuna, ta faɗi ƙarfe 5 da ɗan wani abu. Ka yi sallar asuba a Karima, ka sha shayi a tsaye, ka kama hanya. Hasken safiya da ke zuwa a karkace shi ke fito da zanen ɓawon itacen, da rana ta take tsaka komai sai ya baje ya zama launi ɗaya. Zuwa ƙarfe 11 ya kamata a ce kun juyo.

Isa Karima

Daga Omdurman hanya ita ce Shiryan Ashshamal, kwalta ce da ta ratsa hamada zuwa mararrabar Multaga, daga nan a karkata a bi kogi zuwa Marawi. Mutanen gabas, na Gadarif da Kassala da Port Sudan, nasu ya bi ta Haya zuwa Atbara, sannan su yanki hamadar Bayuda zuwa Marawi. Tsakanin Marawi da Karima akwai gada, an huta da jiran fanton, jirgin fito na da. Ga wani kuskure da baƙi ke yawan yi: Marawi ta nan daban take da tsohuwar Marawi mai dala masu yawa, wadda ake kira Bajarawiya, can kusa da Shandi. Wajen sayen tikiti ka ce Karima, magana ta ƙare.

Masauki akwai lokanda, irin mai angareb, wato gadon igiya, a jere a tsakar gida, amma garuruwan arewa sun cika da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, don haka ka sa a kama maka wuri tun kafin ka taso. Kuɗi kuma ka raba biyu. Bankak, manhajar banki ta waya, yana aiki a gari in akwai sabis, amma mai gadi a ƙauye da mai faci a bakin hanya sun fi gane takarda a hannu.

Ka ba kanka yini guda a Karima kafin ranar fita. A wannan yinin za ka je ofishin kayan tarihi da ke gindin dutsen Barkal ka ji yadda ake samun tikitin Kurru, kuma a wannan yinin za ka nemi mota.

Mota da ɗan gari

Kurru tana ƙasa da Karima a gaɓa ɗaya, tafiyar kamar kilomita 15 a kwalta, har raksha, keken nan mai ƙafa uku, tana iya kai ka ƙauyen. Amma daga ƙauyen zuwa inda itatuwan suke sai an bar kwalta an shiga hamada, kuma nan ba aikin raksha ba ne, ba na ƙaramar bas ɗin nan amjad ba. Boksi kake so, wato Hilux ɗin nan, in da hali mai jan ƙafa huɗu. Nisan ba wani mai yawa ba ne, kuma wannan kusancin shi ke ruɗin mutane su raina tafiyar. Babu allo, babu alama, sawun tayoyi kuma sun yi ta gittawa juna, wasu na masu ɗiban dutse, wasu na dahaba, wasu ba su kai ko'ina ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka ɗauki mutumin Kurru ya zauna a gaba kusa da direba, gafir mai gadin kaburbura zai haɗa ka da wanda ya san wurin in shi ba zai iya barin aikinsa ba. Ku yi ciniki tun a ƙauye, kuɗin mota da na jagora da awa nawa za a jira ku, don kada a fara maganar kuɗi a tsakiyar yashi inda ba ka da zaɓi.

Kafin ka hau, ka duba safaya da hannunka. Na ce da hannunka domin na taɓa yarda da baki. Direban ya rantse mini cewa komai lafiya, muka shiga, wani ɓallin itacen dutse mai kaifi kamar aska ya farke tayar baya, aka sauko da safaya sai ga ta lakwas babu iska. Awa uku muka yi a inuwar mota kafin yaron da muka tura ya dawo da wata a bayan babur. Ranar ban ga komai ba sai ƙasan boksi. Tun daga nan nake neman safaya biyu, da jak, da katakon da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, da shebur, da famfon iska. In an zo yashi mai laushi direba zai rage iskar taya, wannan daidai ne, amma ka tuna masa ya mayar kafin a shiga tsakuwa mai kaifi, don taya mai ƙarancin iska gefenta ke saurin yagewa.

Ka bar wa mai masaukinka saƙo: inda kuka nufa, lambar motar, da ƙarfe nawa zai fara nemanku in bai ji ku ba. Zain da MTN da Sudani suna kamawa a bakin kogi, amma da an shiga bayan tudu sai a hankali.

Guzuri

Ruwa lita 4 ga kowane mutum na rabin yini, a jikinsa, ban da jarka mai lita 20 da za ta zauna a mota ba a taɓa ta sai larura ta kama. In ka naɗe gora da tsumman buhu ka jiƙa, iskar arewa za ta sanyaya maka ita kamar salka. Ka haɗa da dabino, ga barakawi nan mai arha a kasuwar Karima, da gyaɗa, da gurasa. Ka ƙulla gishiri da sukari a leda: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa, shi ne abin da za a ba wanda ya fara jiri ko ƙafarsa ta fara ɗaurewa.

Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa. Silifa da markub mai santsi ka bar su a lokanda. Jallabiya mai dogon hannu ta fi ƙaramar riga, rawani kuma ya fi hula, domin shi ne inuwarka, shi ne abin rufe hanci in ƙura ta taso. Mata su sa wando a ƙarƙashin tobi saboda tsugunno da hawan tudu. Sai rigar sanyi ta asuba, da tabarau, da tocila saboda kabarin da za ku shiga daga baya. In za ka iya samun ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu, irin na masu gyaran agogo, ka sa a aljihu. Shi ne zai fi komai yi maka amfani.

Da kun sauka

Kada kowa ya watse tukuna. A ajiye motar a kan tudu inda za a riƙa hango ta, a ɗaura wani ƙyalle mai launi a samanta. Wanda yake da taswirar da ke aiki ba intanet ya sa alamar wurin a waya. A ƙirga mutane. Sannan kowa ya tsaya ya gane gabas da yamma, domin a nan akwai abin da ke juya kan baƙo.

Mun saba cewa Nilu arewa yake gangarawa. A wannan yanki ba haka ba ne. Daga Abu Hamad kogin yana yin kwana ya juyo kudu maso yamma, ya wuce Karima da Kurru har zuwa wajen Dabba kafin ya sake fuskantar arewa. Kurru tana gaɓar dama, hamadar da kuka shiga tana bayanta, kogin kuwa yana kudu maso gabas da ku. A hunturu rana ma ta kudu maso gabas take ɓullowa. Ke nan da safe, in ka fuskanci rana, kogi da kwalta da gonakin dabino suna gabanka, iskar arewa kuma tana bugun kafaɗarka ta hagu daga baya. Ka riƙe wannan a ka ko da waya ta mutu. Alƙibla kuwa gabas ce da ɗan karkata arewa, don haka mai sallar walaha ya bar mafitar rana a damansa. Duk da haka, in mota ta lalace, zama kusa da ita ya fi a bazama da ƙafa, sai dai ɗan gari ya tafi neman taimako.

Tafiyar ku yi ta a zagaye, mota tana tsakiya, kada ta ɓace muku da gani. Ku fara da fuskantar iska lokacin da ƙarfi yake, ku dawo tana tura ku. Ba tafiyar gasa ba ce. Kilomita 3 ko 4 a cikin awa biyu sun isa, kuma wanda ya yi fiye da haka, ina tabbatar maka tafiya ya yi, bai yi kallo ba.

Abin da za ka duba

Da farko ƙananan gutsattsari za ka fara takawa, masu kama da faskaren da aka zubar a bakin murhu. Ɗauki ɗaya. Hannunka zai yi shirin ɗaga ice, sai ya ji nauyin dutse, kuma wannan ɗan mamakin ba ya gushewa ko sau nawa ka maimaita. Nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau biyu da rabi. Ƙwanƙwasa biyu a hankali ka ji ƙara kamar ta tangaran. Taurinsa kuwa ya kai ya karce gilashi, don kusan duk jikinsa silika ne, dangin dutsen ƙanƙara da kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi. Mutanen zamanin da na kwarin Nilu sun sassaƙa kayan yanka da irin wannan itacen dutse, shi ya sa wani gutsuren da za ka gani mai gefe a feƙe, mai yiwuwa hannun ɗan Adam ya taɓa bi ta kansa.

Bi inda gutsattsarin ke ƙara yawa, za su kai ka ga manyan gungume. Wasu a fili suke, wasu rabinsu a cikin yashi. Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne yadda suka rabu gunduwa-gunduwa, a jere, kamar an sa zarto. Kawuna da muka je da shi ya tsaya ya ce, "Kai yaro, wannan ai aikin mutum ne." Ba mutum ba ne. Ice yana lanƙwasa ya tsage a tsaye, amma dutse karyewa yake a gicciye, kamar alli. Bayan gungumen ya zama dutse, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta riƙa motsi tana zaizayewa, nauyinsa ya riƙa karya shi. Ka taka daga gunduwar farko zuwa ta ƙarshe kana ƙirga taku, za ka san tsawon bishiyar.

Sai ka lura da abin da babu. Da wuya ka ga saiwa a kafe a ƙasa, da wuya ka ga ƙananan rassa. Wannan alama ce ta itacen da ruwa ya kwaso. Wanda ya taɓa ganin abin da Nil Azrak ke jawowa a watan Agusta, manyan itatuwa da ambaliya ta tumɓuke ta karkaɗe musu rassa ta yar a kan yashi, ya riga ya ga farkon labarin. Dutsen yashi na wannan yanki, wanda masana ke kira dutsen yashin Nuba, akasarinsa ya taru ne a zamanin da suke kira Kiretashiyos, tsakanin shekara miliyan 145 zuwa miliyan 66 da suka wuce. A lokacin nan ƙasa ce mai manyan koguna da dausayi. A yankin Wadi Almilk, wanda ke faɗawa Nilu kusa da Dabba, an tono ƙasusuwan dinoso da kadoji da kunkuru a cikin duwatsun wannan zamani. Bishiyar da ta faɗi a fili ruɓewa take, gara da ƙwari su cinye. Amma wadda yashi da laka suka binne da wuri, iska ba ta kai gare ta ba, sai ruɓewa ta yi jinkiri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da narkakkiyar silika ya riƙa tsotsuwa cikinta, yana cike ƙananan ramukan da ruwan bishiya ke bi, yana daskarewa, har ya gaje wurin icen kansa ƙwaya bayan ƙwaya ba tare da ya ɓata siffar ba. Daga baya ƙasa ta bushe, iska ta yi ta kankare dutsen yashi mai taushi, ta bar mai tauri a sarari.

Yanzu fito da gilashinka. Nemi fuskar da ta karye, ka ɗan ɗiga mata ruwa daga gora, ɗigo kaɗan ba wanka ba. Launi zai taso nan take: ja da rawaya da ruwan ƙasa daga tsatsar ƙarfe suke, baƙi kuma yawanci daga manganis. A wasu za ka ga layukan da suka taso daga tsakiya zuwa gefe, a wasu zobe-zobe, a wasu kuma ramin da ya ruɓe tun bishiyar tana ice, ƙananan ƙyalƙyali sun tsiro a ciki kamar gishiri. Baƙin shafen da ya rufe bayan gungumen yana sheƙi kuwa ba launinsa na asali ba ne. Wani siririn rufi ne na laka da ƙarfe da manganis da hamada ke shafa wa duk dutsen da ya daɗe a fili, kuma yana ɗaukar dubban shekaru kafin ya kama. In ka juya dutse ka bar shi a kife, ka ɓata abin da ba za ka ga gyaruwarsa ba, kai da jikokinka. Mayar da shi yadda ka same shi.

A irin wannan wuri ba a rasa wanda zai ce ko mutanen da aka yi fushi da su ne, ko aljanu ne suka mai da dajin haka. Ni ban cika jayayya ba. Nakan miƙa masa gilashin ne kawai.

Abin da ke ƙarƙashin dutse

Kunamar arewa ba irin wadda muka saba da ita ba ce, mai sa mutum kwana yana kuka gari ya waye ya warke. Akwai siririya rawaya, akwai mai kaurin wutsiya, kuma dafinsu yana kisa, musamman ga yara. Maɓoyarsu kuwa ita ce ƙarƙashin irin duwatsun da kake son ɗagawa. Ka fara tura dutse da sanda ko bakin takalmi, ka ɗaga shi ta gefen da ke nesa da kai, kada ka zura yatsu inda ido bai gani ba. Yara a riƙe su kusa. Akwai kububuwa, akwai kuma macijin yashi mai ƙaho da ke binne jikinsa ya bar idanu kawai. A hunturu ba su da kuzari sosai, amma da rana ta ɗaga sukan fito shan ɗumi.

In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum a sa a mota, a nufi asibitin Karima kai tsaye. Addu'a a yi ta a hanya. Haka wanda rana ta buga har ya fara surutai ko ya daina gane mutane: a kwantar da shi a inuwar mota, a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita, a juya. In kuma sama ta yi ja daga nesa, ƙura ta taso kamar bango, ku koma mota ku rufe gilashi ku jira ta wuce. Duk wani ƙarfen da ba ku san shi ba, a wannan zamani, ba a taɓawa ko da ƙafa.

Maganar aljihu

Za ka so ɗauka. Kowa yana so. Kawuna ya zaɓi wani mai jan zane ya sa a aljihun jallabiya, ya ce zai danne takardu da shi a shago. Dattijon da ya raka mu bai ce komai ba sai da muka zo hawa mota, sannan ya ce, "Ya hajj, in kowane baƙo ya tafi da ɗaya, me zan nuna wa jikanka?" Kawu ya yi dariya ya ce, "Baba, ka kama ni," ya je ya mayar. Gaskiyar dattijon ke nan. Wurin ba shi da katanga ba shi da mai gadi, kuma gefen da ya fi kusa da hanya shi ya fi ƙarancin kyawawan gutsattsari. Ban da haka, dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta hana ɗiba da fitar da kayan tarihi ba izini, kuma a shinge ko filin jirgi ba kowane jami'i zai zauna ya bambance maka itacen dutse da kayan kabarin sarki ba. Hoto ya isa. Ka ajiye hularka ko gorarka kusa da gungumen don a gane girmansa. Kada a hau kai a yi tsalle, kada a rubuta suna, kada mota ta bi ta kai. Ledar ruwa da ƙwallon dabino su koma gari tare da ku.

A hanyar dawowa

Tunda kun zo Kurru, kada ku wuce kaburburan. A nan aka binne sarakunan Kush da suka mulki Masar, irin su Piye da Shabaka, har da dawakansu, waɗanda aka binne a tsaye. Ba'amurke George Reisner ne ya tono wurin wajen 1919. Dalar da ke sama yawanci sun rushe, abin kallon yana ƙasa: gafir zai buɗe ƙofa, ku gangara matakala zuwa ɗakin Sarki Tanwetamani da na Sarauniya Kalhata, inda fenti yake nan da launinsa, rufin an zana masa taurari, bayan shekara fiye da 2,600. Kada a taɓa bango, kada a kunna filashi. Kurru da Barkal da Nuri da Sanam da Zuma, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Bayan ka fito daga wurin da ake lissafi da miliyoyi, za ka ji waɗannan sarakunan kamar jiya suka rasu.

Ka sallami jagora da abin da kuka yi alkawari, ka ƙara masa na shayi. Shaigiyya, ƙabilar wannan yanki, mutane ne masu son baƙo, in aka ce ku shigo ku sha jabana, wato gahawa, ku shiga, kada ku ce kuna sauri. A Karima ka sanar da mai masauki kun dawo, direba ya leƙa wurin mai faci a duba tayoyin, don wani yankan ba ya nunawa sai an hau kwalta an yi gudu. Ka ci ful, wato dafaffen wake, ka sha zoɓo mai sanyi, ka kwanta har la'asar.

In ƙafa ta yarda, wajen ƙarfe 4 ka hau Barkal. Tsayinsa kamar mita 100 ne, minti 20 sun kai ka sama. Daga can za ka ga kogin, da siririn layin dabino a gefensa, da dalar Nuri a tsallake inda Sarki Taharka yake kwance. Juya baya ka dubi yamma da kudu, wajen da kuka fito da safe, ba za ka ga komai ba sai fili. Wajen sauka ka bi ta gangaren yashi, ka cire takalmi ka riƙe a hannu, don a kan yashin nan kowa gudu yake yi har ƙasa, da dattijo da yaro.